Nosler Partition a bindiga .243: abin da wuƙar fiɗa ta nuna mini

Akwai wani tsohon gwangwanin madara da nake ajiyewa a ƙasan akwatin kayana. Duk wanda ya girgiza shi zai ɗauka tsabar kuɗi ce. Harsasai ne goma sha ɗaya, duk an riga an harba su, kuma kowanne da hannuna na zaƙulo shi daga cikin nama. Shekara tara na yi ina bin masu kai baƙi farauta a duwatsun Bahar Maliya, daga wajen Sinkat har can arewa da Bur Sudan, aikina fiɗa da gyaran fata da ƙaho. Wuƙa gadon gidanmu ce. Kakana mahauci ne a Gadarif, Baba mai agashe ne, ni ma ga ni na dawo bakin tukuba tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa.

Abin da ya sa na buɗe gwangwanin a makon nan shi ne kiran ɗan yayata da ke tuƙi a Jidda. Maigidansa zai tafi farauta Afirka ta Kudu, yana da bindiga .243 mai lasisi, ya kuma ji labarin cewa direbansa yana da kawu wanda ya san harkar.

"Kawu, wane harsashi zan ce ya saya? Ya ce shi mai gudu yake so."

Na ce, "Ɗana, gaya masa Nosler Partition, mai nauyin giren 100. In ya tambaye ka dalili, ka ce ya ba ni lokaci in rubuto."

To ga dalilin.

Bindigar .243 Winchester ƙarama ce a cikin bindigogin farauta. An fito da ita a 1955, aka ɗauki kwanson .308 aka matse wuyansa ya kama harsashi mai kaurin milimita 6 da ɗan ɗoriya. Ba ta dukan kafaɗa sosai, shi ya sa tsoho da mace da matashi suke harbi da ita ba tare da runtse ido ba, kuma wanda bai runtse ido ba ya fi samun inda ya auna. Baƙinmu na Ingila sun fi kowa zuwa da ita, domin dokar can ta 1991 ta ce manyan barewarsu ba a harbe su da abin da bai kai .240 ba, sai .243 ta zama ta kowa da kowa. Matsalar ita ce bindiga ɗaya ce take cin harsashi iri biyu da ba su haɗa hanya ba. Akwai marasa nauyi, giren 55 zuwa 70, waɗanda aka ƙera domin dila da zomo da ire-irensu. Akwai masu nauyi, giren 90 zuwa 100, na dabba mai kofato. Kwanso iri ɗaya, kwali kusan iri ɗaya, duka suna shiga bindigar sumul. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, wato giren 100 giram shida da rabi ne kacal. Abin da bai kai nauyin dabino ɗaya ba ake so ya kayar da bunsurun dutse mai kilo sittin ko fi. In abu ya ƙanƙanta haka, ba shi da rarar da zai zubar a hanya.

Na koyi wannan ne wata safiyar Janairu, ana sanyin nan na kan dutse mai shiga ƙashi. Mutanen ƙabilar Bija, mazauna duwatsun, sun hau tsauni tun asuba suna koro dabba, mu kuma muna laɓe bayan wani falalen dutse tare da wani kawaja, wato Bature, mai fara'a, wanda ya raba mana cakulan tun a mota. Bunsuru ya ɓullo a tsallaken kwari, ƙahonsa ya lanƙwasa har gadon baya, tazara ba ta fi mita 120 ba. Ya tsaya a karkace, ya ba da kafaɗa. Kawaja ya ɗana. Mun ji ƙarar bugun nama, mun ga ƙura ta tashi a jikin gashin, dabba ta zube. Muna cikin yi wa juna barka sai ta miƙe da ƙafa uku ta haye tudu kamar aljani.

Mun bi jini har la'asar. Mun kwana a dutse, ba bargo sai jabana, wato gahawa, da tsohon mai bin sawu ya dafa mana da citta. Washegari wajen azahar tsohon nan ya hango shi kwance cikin wani kogo, yana numfashi sama-sama, aka ƙara masa na biyu, na ruga na yanka. Da na ɗaga fatar kafaɗa sai na ga rami kamar tafin hannuna, faɗi ne kawai, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Allon kafaɗa ya tsage, amma haƙarƙarin da ke bayansa ko ƙwarzane babu. Huhu lafiya lau. Naman karfata ya zama kamar an daka shi a turmi, ɓurɓushin darma da jan ƙarfe suna ƙyalli a ciki kamar yashin bakin teku. Duka karfatar na jefa wa ungulu.

Na roƙi kawaja ya nuna mini kwalin. Giren 55. Ya ce yaron shagon garinsu ne ya ce masa wannan ya fi gudu, ba ya sauka ƙasa da wuri, zai yi kyau a harbin tsauni. Yaron bai yi ƙarya ba a zancen gudu, irin wannan yakan haura mita 1,100 a sakan ɗaya. Sai dai rigarsa siririya ce kamar ɓawon albasa, da gangan aka yi ta haka domin ta tarwatse da zarar ta taɓa jikin dila. Ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, a kan dabbar da ba tata ba. Tsohon nan bai ce uffan ba, ya karɓi harsashi ɗaya ya jujjuya, ya mayar, ya tofar da yawu gefe. Kawaja bai ci abincin dare ba.

Bayan shekara guda wani baƙon ya zo da irin bindigar nan, da kwalin kamfanin Federal Premium wanda aka ɗora wa Partition. Ban so ganin .243 ba a ranar, har na yi wa shugaban tafiya ƙorafi. Harbin kusan iri ɗaya ne da na bara, illa ya ɗan fi nisa. Bunsurun ya yi tsalle, ya yi gudun da bai kai taku arba'in ba, ya kife. Wannan karon ramin shiga ɗan tsito ne, da ƙyar ɗan yatsana ya shiga. Allon kafaɗa ya huje, haƙarƙari biyu sun karye, huhun dama da na hagu sun zama kunu, sannan a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen na ji wani ƙullutu kamar ƙwallon magarya. Na tsaga. Shi ne na farko a gwangwanina.

In ka riƙe wanda ba a harba ba, ba abin burgewa a jikinsa. Ba shi da jan bakin roba irin na 'yan zamani, darma ce tsirara a tsininsa. In ka ga wanda ya fita daga kwanso ka juya gindinsa, nan ma za ka ga darma a buɗe, kuma wannan ce alamarsa. Sirrin yana tsakiya. Na kama ɗaya cikin waɗanda na tsinta da filaya, na yi ta goga gefensa da magagari har na kai rabi, don in gani da idona. Rigar jan ƙarfen ɗaki biyu gare ta, da katanga a tsakani, kamar harafin H. Ɗakin gaba bangonsa siriri ne, darmar cikinsa tana buɗewa nan take kamar lemar kwaɗi ko da gudun ya ragu. Ɗakin baya a kulle yake, katangar ta hana buɗewar wucewa. Gaba yana ɓarna, baya yana tura shi ciki kamar ƙusa. Ko darmar gaba ta wanke gaba ɗaya, wanda sau da yawa haka nake samunsa, ragowar tana ci gaba da tafiya a miƙe.

Mai shi, John Nosler, irin abin da ya same mu ne ya same shi. A 1946 ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa ta ƙasar Kanada, wadda suke kira mus, jikinta duk busasshen taɓo, kuma da babbar bindiga, .300 H&H. Harsasan suka riƙa fashewa a waje ba su shiga ba. Ya koma gida ya zauna a kan injin sassaƙa ƙarfe, a 1948 ya fara sayarwa. Na so wannan labarin domin ya nuna girman bindiga bai hana abin faruwa ba, balle ƙarama.

Na taɓa kwasar bakwai daga cikinsu na kai wa wani maƙerin zinariya a babbar kasuwa, na ce, "Ya Hajji, ara mini ma'auninka." Ya dube ni ya dubi abin da na zube masa, ya ce in dai ba sayarwa zan yi ba bismilla. Dukansu sun faɗa tsakanin giram huɗu da huɗu da rabi. Wato kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ya tsira, bayan ya ratsa ƙashi. Na giren 55 ɗin nan kuwa, babban guntun da na samu bai kai ƙwayar dawa ba.

Goma sha ɗaya kaɗai na tara a shekarun nan, kuma ba duka Partition ba ne, domin yawanci ba ya tsayawa. In an harbi barewa, ko bunsuru ta bayan kafaɗa inda ba ƙashi mai kauri, ficewa yake ta ɗaya gefen ya bar rami kamar bakin finjalin jabana. Mai bin sawu yana son wannan ƙwarai. Rami biyu jini biyu ne, kuma a kan baƙin dutse inda kofato ba ya barin alama, ɗigon jini ne kaɗai jagora. Mu Musulmin sansani ma muna da namu dalilin. Muna so dabba ta faɗi kusa mu riske ta da rai mu yanka, in kuma ta riga mu, to ya kasance makamin ya huda ta ne bayan an ambaci sunan Allah. Malaminmu yakan kawo hadisin Adiyyu ɗan Hatim a kan wannan: abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa a bari. Da baƙon da ba Musulmi ba dai gudu nake yi da wuƙa a hannu, ba na jiran fatawa.

Yanzu aibinsa, don yana da shi.

Na farko ya shafi sana'ata kai tsaye. Wancan kashi ɗaya cikin ukun da ya ɓace a ma'auni, a cikin nama ya ɓace. Darma ce, kuma darma guba ce, musamman ga yara da masu ciki. In harbin na kusa ne, ƙasa da mita 100, gaban yakan buɗe da ƙarfi ya tara jini baƙi ƙirin a tsakanin tantanin nama. Ni nakan yanke kamar taƙi guda kewaye da hanyar harsashin in zubar, ko mutanen Bija suna gunaguni cewa na rage musu naman sallat, wannan gashin nasu na kan duwatsu masu zafi. Baba ya taɓa ganin irin naman da na kawo gida, ya shinshina, ya latsa da babban yatsa, ya ce, "Kai yaro, wannan ko yaji buhu guda ka zuba masa ba zai hau tsinke ba."

Na biyu, tsinin darmar yana lotsewa in ana yawan sa shi a bindiga ana fitarwa, ko an bar shi yana karo da makulli a aljihu. A mita 150 ban ga ya canja komai ba, amma maharbi in ya ga bakin harsashinsa a murguɗe zuciyarsa takan raunana, kuma raunin zuciya yana kai wa ga yatsa. Na uku, siffarsa ta da ce, iska tana ture shi fiye da dogayen nan masu siririn gindi. A kwarin da iskar teku ke busowa gefe, na ga an auna kafaɗa a mita 300 an sami bayan haƙarƙari, kusan taƙi guda daga inda aka nufa. Kamfanin yana cewa yana buɗewa matuƙar gudunsa bai gaza kimanin mita 550 a sakan ba, kuma a mita 300 bai sauko nan ba tukuna, saboda haka ba buɗewar ce ke ba ni tsoro ba, iskar ce. Na huɗu tsada. Ban taɓa ganinsa a shago a nan ba, a lokacin baƙi ke shigo da shi a kan takardar izini, ana ƙirga shi a shiga ana ƙirga kwanso a fita. Sun ce mini kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari. Wanda ya biya jirgi da lasisi da kuɗin sansani, ya zo yana tsumulmular kwali ɗaya mai guda ashirin, wannan ya sayi doki ne ya kasa sayen linzami.

Wani abu kuma da ba laifin harsashin ba ne: kowace bindiga da abin da take so. Na ga .243 da ke tara Partition uku a wuri ɗaya kamar an ɗinka, na ga wata da ke watsa shi. Kada mutum ya saita madubi da mai araha sannan ya ɗora mai tsada ranar farauta, ba wuri ɗaya suke sauka ba. Kuma don Allah a daina barin kwali a gaban gilashin mota cikin rana. Albarushi in ya yi zafi ƙarfinsa ƙaruwa yake, ga mu a ƙasar da ko a hunturu ƙarfen mota yana ƙona hannu da hantsi.

A shekarun ƙarshe baƙi sun fara zuwa da na jan ƙarfe zalla, irin Barnes TSX mai giren 85. Ba darma ko kaɗan, bakinsa rami ne, yana tsagewa gida huɗu kamar fure. Guda ɗaya tak na taɓa kamawa, a cinyar wani ragon dutse da aka harba ta ƙirji, ya ratsa tsawon jikin duka, kuma maƙerin ya ce nauyinsa kusan yadda aka ƙera shi. A matsayina na mai nama, wannan ya fi kwanta mini: ana cin nama har bakin ramin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana farauta da darma gaba ɗaya tun 2019, alamar inda duniya ta dosa ke nan. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba, jan ƙarfe ya fi darma tauri, yana buƙatar gudu kafin ya buɗe sosai. A nesa, a jikin barewa mai siririn ƙirji, na ga ya wuce kamar an soka tsinke, dabbar ta yi tafiya mai nisa kafin ta kwanta. Partition ya fi yafe wa maharbi kuskuren tazara. In mutum ba ya wuce mita 200 kuma naman 'ya'yansa za su ci, ba zan yi masa musu ba in ya ɗauki na jan ƙarfen.

Inda nake ja da kowa shi ne girman dabba. Barewa, bunsurun dutse, impala da ire-irensu na Afirka ta Kudu, duk wanda bai wuce kilo 100 ba, .243 da Partition sun isa har da saura. Ragon dutse babba yana bakin iyaka, sai a tsaye, a gicciye, a kusa. Gwanki mai kilo 250 ko fi, ko kudu, wata dabba mai kama da gwanki da murɗaɗɗen ƙaho, ko ɓauna, a'a. Za a iya kashe su da shi, na sani, kamar yadda za a iya yanka sa da wuƙar yanke farce in an dage. Amma dabba ba kullum take tsayawa yadda kake so ba. Ran da ta ba ka kwiɓi, harsashin sai ya ratsa tumbi cike da ciyawa kafin ya kai huhu, kuma giram shida da rabi yakan ƙare a hanya. Ba banza ba ƙasashe irin Tanzaniya suka sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta ga ɓauna.

Duk lokacin da na faɗi haka a bakin wuta sai wani ya kawo mini zancen Bell, Baturen Sukotlan ɗin nan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa sama da 1,000 a farkon ƙarnin da ya wuce, har da yankin Lado da ke Sudan ta Kudu a yau, mafi yawansu da ƙaramar bindiga mai milimita 7. Gaskiya ne. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne harsashinsa giren 173 ne, dogo, mai rigar da ba ta buɗewa, yana matsawa kusa, kuma ƙwaƙwalwa yake nema. Kafin nan sai da ya sa aka tsaga masa kawunan giwaye da zarto yana duba inda ƙwaƙwalwar take ta kowace fuska. Aikin mahauta ya fara yi kafin na maharba. Mai kawo zancensa a bakin wuta, in ka miƙa masa wuƙa ka ce ya nuna maka inda zuciyar akuya take, sai ya nuna maka hanta.

Jiya da dare ɗan yayata ya sake kira, ina tsakiyar juya tsinke, hayaƙi ya cika mini ido.

"Kawu, ya ce ya gode. Amma wai a jerin abin da ya biya akwai kudu guda ɗaya."

"Akwai wata bindigar a gidan?"

"Akwai .308, amma ya ce tana dukan kafaɗa."

Na ce ya gaya masa ya ɗauki duka biyun, ya sa a ɗinka wa babbar matashi a gindi, ya kuma harba kwali ɗaya a takarda kafin ya hau jirgi. In kuma an dace wani ya tsaya a ƙarƙashin fata, ya roƙi mai fiɗar can ya wanke shi ya ƙulle a leda. Wani alhaji mai dawowa ta jirgin ruwan Sawakin zai iya kawo mini.